Na ɗauki hoton dattijo a kasuwa bai sani ba, laifi na yi?

Tambaya: Wani matashi mazaunin Mabera, mai sha'awar ɗaukar hoto da waya, ya ce yakan zaga Tsohuwar Kasuwa da Kara da bakin Hubbare yana ɗaukar mutane cikin harkokinsu, ya ɗora a Facebook da TikTok don nuna wa duniya rayuwar Sakkwato. Kwanan baya ya ɗauki wani dattijo mai sayar da goro yana gyangyaɗi a rumfarsa. Hoton ya yaɗu, mutane suna ta zolaya a ƙarƙashinsa, 'ya'yan dattijon suka neme shi da faɗa suna cewa sai sun kai shi kotu. Abokansa kuma sun ce masa kasuwa wurin kowa ce, ba abin da za a yi masa. Yana son sanin matsayin abin a doka da kuma a addini.

Amsa: Ƙanena, abokanka ba su yi ƙarya ba, amma ba su kai maganar ƙarshenta ba. Aikin lauya ya haɗa ni da 'yan jarida da masu hoton biki a garin nan, kuma kusan duk rigimar hoto da ta zo gabana, tushenta ɗaya ne: mutane suna ɗaukar cewa danna kyamara da yaɗa hoton abu guda ne. A doka abu biyu ne, kowanne da hukuncinsa. Kana iya samun damar ɗauka, ka rasa damar yaɗawa.

A Najeriya babu wata doka guda da ta ce laifi ne ka ɗauki hoton mutumin da ke tsaye a bainar jama'a, kan titi ko cikin kasuwa ko a filin Idi. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki da karɓa da isar da bayani, kuma hoto yana cikin hanyoyin isar da bayani. Wanda ya tsaya a gefen hanya ranar Sallah ya ɗauki tawagar Mai Alfarma Sarkin Musulmi da dawakai da dandazon jama'a, bai taka doka ba, kuma ba wanda zai ce sai ya bi mutum dubu ɗaya bayan ɗaya yana neman izini. Amma kundin nan dai, a sashe na 37, ya ba da tabbacin kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya, sashe na 34 kuma ya kare mutuncin ɗan'adam. Saboda haka 'yancinka da nasa suna zaune a littafi ɗaya, kuma alƙali zai auna su ne gwargwadon wurin da aka ɗauki hoton, da halin da mutumin yake ciki, da abin da aka yi da hoton daga baya.

Akwai wuraren da ɗaukar ma kanta matsala ce. Barikin soja irin na Giginya, da shingayen binciken sojoji, da sassan tsaro na filin jirgin sama: Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta yi magana a kan ɗaukar hoton wuraren tsaro da manufar cutar da ƙasa, kuma a halin da yankinmu yake ciki, kafin ka gamsar da jami'i cewa manufarka mai kyau ce ka riga ka sha wahala. Cikin kotu lokacin zama sai da izinin alƙali. Wurin dangwala ƙuri'a hukumar INEC ta hana shiga da waya. Banki da asibiti da makaranta da ɗakin taro kuwa suna da masu su, kuma mai wuri yana da ikon ya ce ba a hoto a nan. In ka ƙi ji ya ce ka fita, in ka ƙi fita ka zama mai kutse.

Gida ne ya fi damuna. Gininmu na gargajiya da kansa yana gaya maka inda ido zai tsaya: zaure, sannan shigifa, sannan katangar da ke kare tsakar gida, wani ƙofar ma a rubuce take da gawayi ko fenti, "Ba a shiga". An yi wannan tsari ne lokacin da ido yake tafiya a ƙasa. Yanzu benaye sun yi yawa a cikin unguwanni, wayoyi suna jawo abin da ke nesa, kuma masu hoton biki sun fara tashin ƙaramin jirgi marar matuƙi don ɗaukar jerin motocin amarya daga sama. Jirgin nan ba gidan biki kaɗai yake gani ba. Yana ganin tsakar gidan maƙwabta, inda mace take wanki da ɗaurin ƙirji, inda banɗaki ba shi da rufi, inda iyali suke shimfiɗa tabarma a waje saboda zafin bazara. Ba ka taka ƙofar kowa ba, amma ka shiga gida goma. Wannan shi ne ainihin abin da sashe na 37 ya hana, kuma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce tashin irin wannan jirgi yana buƙatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokar final kot ta Arewa, wadda jihohinmu suka gina dokokinsu na laifuka a kanta, ta daɗe da sanya kutsa kai cikin sirrin mace da nufin keta mutuncinta a jerin laifuka. Wanda ya ɗaga waya ta saman katanga, ko ya bi yarinya a baya yana ɗaukar jikinta, ko ya ɓoye kyamara a shagon ɗinki ko ɗakin kwanan ɗalibai, ba shi da mafaka a cikin maganar "wurin kowa ne".

To, mu zo kan yaɗawa, inda taka matsalar take. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa NDPC, hukumar da ke kula da kare bayanan jama'a. A wajen wannan doka, duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, nasa ne, kuma hoton da fuska ta fito sarai yana ciki. Ɗaukarsa, da ajiye shi, da ɗora shi a intanet, duk sarrafa bayanin mutum ne, kuma dole mai yi ya kasance da hujjar da doka ta yarda da ita. Izini shi ne hujjar da aka fi sani, ko da yake ba shi kaɗai ba ne. Dokar ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa kawai, muddin bai keta sirrin wani ba, ta kuma sassauta wa aikin jarida da ilimi da fasaha idan an wallafa don amfanin jama'a. Hoton da ka ɗauka a bikin suna ka ajiye a wayarka yana cikin na farko. Amma shafin da ke buɗe ga duniya, wanda kake tara mabiya da shi, wataƙila ma kana fatan ya fara kawo kuɗi, da wuya ka gamsar da alƙali cewa harkar cikin gida ce. Idan kuma ka ce fasaha ce don amfanin jama'a, tambayar da za a yi maka ita ce: wane amfani jama'a suka samu da ganin wannan bawan Allah baki buɗe yana barci, wanda ba za su samu ba da ka tashe shi ka tambaye shi? Tarar da dokar ta tanada ga ƙananan masu sarrafa bayanai tana iya kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga manya kuma miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Gaskiya hukumar ta fi sa ido a kan bankuna da manyan kamfanoni, ba matashi mai waya ɗaya ba. Sai dai dokar ta bar wa wanda aka cuta ƙofar zuwa kotu da kansa ya nemi diyya, kuma tun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana cewa kare bayanan mutum yana cikin sirrin da sashe na 37 ya tabbatar.

Sannan akwai ɓata suna. Mutane suna zaton sai da baki ko alƙalami ake ɓata suna, alhali dokar final kot ta haɗa har da alama da abin da ido ke gani. Sau da yawa hoton ba shi da laifi, rubutun da aka sa a ƙarƙashinsa ne ke jawo ƙara. Ka ɗauki saurayi zaune a bakin wata kwana ka rubuta "matasanmu da shaye-shaye", ko mace tana fitowa daga otal inda ta je taron aiki ka bar mutane su fassara, ka riga ka yi masa ƙazafi ko da ba ka ambaci sunansa ba, tunda unguwarsu ta san fuskarsa.

Game da dattijon nan, ga yadda nake ganin lamarin. Ɗaukar da ka yi ba laifin da za a ɗaure ka a kansa ba ne. Ɗorawar ce ta ba su abin riƙewa, musamman da hoton ya zama abin dariya. Asalin mai haƙƙi shi ne dattijon, ba 'ya'yansa ba, ko da yake ƙa'idojin ƙarar haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun ba da damar wani ya shigar da ƙara a madadin wani. Ba su da ikon ƙwace maka waya ko fasa ta ko taɓa lafiyarka, in sun yi su ma sun yi laifi. Amma kada ka tsaya jiran sammaci. Sauke hoton yau daga duk inda ka sa shi, ka roƙi waɗanda ka san sun kwafa su sauke, sannan ka nemi babba, mahaifinka ko limamin unguwa ko wani daga shugabannin 'yan goro, ku je rumfar tare. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na yi kuskure, ban yi da nufin wulaƙanci ba, a yafe mini." Kada ka je da bayanin sashe kaza. Mutumin da ya shekara da shekaru yana gina girmansa a layin nan, jikokinsa suka ga ana yi masa dariya a waya, ba hujja yake jira ba. Kuma ka sani saukewar ba za ta dawo da komai yadda yake ba, domin hoto a intanet zarar bunu ne, wanda ya riga ya adana a wayarsa ba ka da iko da shi.

Wani abin da ke rikita masu hoto shi ne haƙƙin mallaka. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, mai hoto shi ne wanda ya ɗauka, ba wanda aka ɗauka ba. A 2021 ma wata mata da aka sa hotonta a allunan talla ta rasa ƙararta a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda ta gina ta a kan haƙƙin mallaka alhali ba ita ta ɗauki hoton ba. Wasu suna jin wannan sai su ce ashe hoton nawa ne, in yi yadda na ga dama da shi. A'a. Mallakar tana hana wani ya sace aikinka ne, ba ta ba ka lasisi a kan fuskar mutum ba. Dokar nan ma ta ce wanda ya yi hayar mai hoto don sha'anin gidansa, kamar biki ko suna, yana da ikon hana a wallafa ko a baje hotunan ga jama'a, sai in sun yi wata yarjejeniya daban. Masu situdiyo da ke ɗora hotunan amare don tallar aikinsu ba tare da sun tambaya ba, su ji wannan da kyau. Haka 'yan biki masu waya: taron mata zalla, kamu ko wuni, matar aure ta saki jiki ta taka rawa cikin 'yan'uwanta don ta san ba namiji a wurin, washegari bidiyon yana yawo a wayoyin abokan mijinta. Na ga auren da irin wannan ya girgiza, kuma wadda ta ɗauka ƙawa ce, ba maƙiyiya ba.

Duk wannan doka ce, kuma in ka lura ta bar fili mai faɗi a kan titi. Abin da nake so ka duba shi ne su wa ke faɗawa cikin wannan fili. Buɗe shafinka ka ƙirga. Za ka ga almajiri, da mai bara, da yarinya mai talla, da ɗan dako, da tsohuwa mai hura, da mai taɓin hankali. Da wuya ka ga babban ɗan kasuwa yana gyangyaɗi a ofishinsa, ba don ba ya gyangyaɗi ba, sai don yana da ƙofa da maigadi da lauya. Talaka rayuwarsa a waje take: a waje yake ciniki, a waje yake cin abinci, a waje barci yake sace shi. Idan ƙa'idarka ita ce duk abin da ke waje halal ne, to ka yanke hukuncin cewa sirri na mai katanga ne kawai. Ni ban yarda da wannan ba, kuma addininmu bai yarda ba.

Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto shi kansa, wannan fagensu ne, kuma mafi yawan mutane a yau suna bin fatawar da ta halatta hoton kyamara. Amma ko wanda ya halatta bai halatta cutarwa da shi ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, ta hana wasu su yi wa wasu izgili, ta hana giba, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara giba da ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, ko da abin gaskiya ne. Hoton da ke nuna mutum a halin da ba ya son a gan shi ya shiga nan, kuma "ai ba ƙarya na yi ba, haka na same shi" ba kariya ba ce, tunda giba dama da gaskiya ake yin ta. A hadisin Sahlu ɗan Sa'ad da Bukhari da Muslim suka ruwaito, lokacin da wani ya leƙa ta kafar ɗakin Annabi, Annabi ya ce an sanya neman izini ne saboda gani. Hadisin da ya fi dacewa da aikinka kuwa shi ne na Abu Sa'id Al-Khudri a kan zama bakin hanya. Da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna, Annabi bai ce musu hanya ta kowa ce ku yi abin da kuka so ba. Ya ce su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa da hani da mummuna. Wato kasancewar wuri na jama'a ƙarin nauyi yake ɗora wa wanda ke wurin.

Neman izinin ma yana da nasa tarko a ƙasar Hausa, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suke zamewa. Mu mutane ne masu kara. Ka tsaya gaban tsohuwa mai sayar da hura, da tufafinka masu tsabta da babbar waya, ka ce, "Inna, in ɗauke ki hoto?" Za ta ce, "Ɗauki ɗana, ba komi," tana jan mayafi tana rufe rabin fuska, tana kallon gefe. Bakinta ya ce e, hannunta ya ce a'a. Ta amsa ne don kada ta kunyata baƙo, kuma a ranta hoto shi ne abin da ake wankewa a ajiye a ɗaki, ba abin da mutum dubu hamsin za su gani kafin la'asar ba. Dokar 2023 da kanta ta ce shiru ko rashin motsi ba izini ba ne, izini sai an bayar da shi da son rai, an san abin da aka yarda da shi, kuma ana iya janye shi. Saboda haka ka yi sallama, ka gaisa, ka sayi hurar in da hali, ka faɗi ko kai wane ne, sannan ka faɗi inda hoton zai je da kalmomin da za ta gane: "Zan sa a waya inda mutanen Kano da Legas da ƙasashen waje za su gani, har 'yan garinku." Ka buɗe mata ƙofar ƙi da kanka: "In ba ki so, wallahi ba komai, Inna." Bayan ka ɗauka ka juya wayar ka nuna mata. In aikin na talla ne ko na wata ƙungiya, a rubuta. Wanda ba ya karatun boko a naɗi muryarsa yana faɗin abin da ya yarda da shi. In kuwa hoton irin wanda tambaya za ta ɓata ne, mutum ya duƙufa a kan aikinsa, majemi ko maƙeri ko mai saƙa, ɗauki, sannan ka matsa ka nuna masa ka tambaya, ya ce a'a ka goge a gabansa. Za ka rasa wasu hotuna. Waɗanda za su rage za su fi kyau, don mutumin da ya yarda yakan ba ka sunan sana'arsa da tarihinta, ya kira ka gobe in za a yi abin da ya fi wannan.

Yara ba su da izinin bayarwa. Doka ta ce na mahaifi ko waliyyi ake nema, kuma Jihar Sakkwato tana da dokar kare yara tun 2021. Almajirin da ka ba naira ɗari ya tsaya maka da robarsa bai ba ka izini ba, yunwa ce ta amsa. Yaron nan zai girma, zai yi aure, wataƙila ya zama malami ko ɗan kasuwa, hotonsa da tsumma yana nan ana amfani da shi duk lokacin da za a yi maganar talaucin Arewa. Haka masu rabon abinci da azumi, da ke sa mabuƙaci ya riƙe ƙullin shinkafa ya kalli kyamara kafin a sakar masa. Na san masu ba da kuɗi suna neman shaida, kuma haƙƙinsu ne. Ana iya ɗaukar kayan, da hannuwa, da layi daga baya, a aika wa mai kuɗin shi kaɗai. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi kashedin ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma magidancin da maƙwabtansa suka gan shi a Facebook yana karɓar taimako ya cutu.

Marasa lafiya sun fi kowa rauni a wannan babi. Bayanin lafiyar mutum yana cikin waɗanda dokar 2023 ta ba kariya ta musamman, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majiyyaci. A garin nan muke da Asibitin Noma, wanda aka kafa a 1999 don cutar nan mai cin fuskar yara, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Cikin abin da ya ja hankalin duniya har da waɗanda suka warke, da suka fito da kansu, da fuskokinsu da muryoyinsu, suka ba da labarinsu. Fuska ɗaya ce, amma wadda mai ita ya miƙa da kansa tana ɗaga shi, wadda aka sata a bakin ƙofar asibiti tana ƙara masa abin da ya sa yake rufe ta da gyale. Su kuma 'yan gudun hijira da suka baro ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Rabah, nasu ya wuce kunya, rai ne. 'Yan bindiga suna da wayoyi, suna da masu kai musu rahoto. Mutumin da ya tsaya gaban kyamararka ya faɗi wanda ya kai musu hari, yana da 'yan'uwa da suka rage a can, shi ma wata rana zai koma gona. Ko ya ce ka nuna fuskarsa, kai da ka san nisan da bidiyo ke zuwa ka rufe ta, ka cire sunan ƙauyen.

Sai gawa. Duk lokacin da aka yi hatsarin mota a hanyar Gusau ko ta Illela, ko kwalekwale ya kife, kafin a kai mutane asibiti hotunansu sun cika WhatsApp, tufafi a yage, wani ma da sauran numfashi. Akwai iyayen da a haka suka fara sanin rasuwar ɗansu. Jamus ta yi dokarta ne saboda irin wannan: a 1898 wasu masu hoto biyu suka saci hanya suka shiga ɗakin da gawar tsohon shugaban gwamnati Bismak take, suka ɗauke ta don su sayar. Kotu ta ƙwace hotunan, aka ɗaure su, kuma a 1907 aka yi dokar da ta ce ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, bayan mutuwarsa kuma sai da yardar iyalinsa har shekara 10. Mu ba mu da doka mai wannan kaifi, amma muna da abin da ya riga ta: muna rufe mamaci da zarar ya cika, kuma wanda ya yi masa wanka ba ya faɗin abin da ya gani. In ka iso wurin hatsari, hannun da zai riƙe waya ya riƙe mayafi ya rufe, ko ya kira agaji.

Kada ka fahimce ni da cewa kyamara sai da izini a ko'ina. Akwai inda neman izini zai kashe gaskiya. Jami'in da ke karɓar na goro a shinge, ko yake dukan mai babur, ko ɗan kwangilar da ya bar aiki rabi, ko ɗan siyasa a dandalin kamfe, ba su da haƙƙin cewa sai sun yarda, domin aikin jama'a suke yi a gaban jama'a. Kakakin rundunar 'yan sandan Najeriya ya fito fili a 2023 ya ce ɗaukar ɗan sanda hoto ko bidiyo a bakin aiki ba laifi ba ne. Ka tsaya nesa, kada ka tare masa aiki, kada ka yanke bidiyon yadda zai sauya ma'ana, kuma ka auna lafiyarka kafin komai. Wanda ake zargi da sata kuwa, da aka kama aka zaunar a ƙasa, ba jami'i ba ne, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Jihar Legas ta hana baje waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida tun 2021. In an sake shi gobe, hotonsa ba zai sake shi ba. Shaidar laifi wurin hukuma ake kai ta.

Alhazai da masu Umara su kula, doka tana sauyawa da ƙasa. A Saudiyya dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya.

Idan kuma kai ne, ko ƙanwarka, aka ɗauka aka yaɗa, fara da adana shaida kafin ka yi magana: hoton allon wayar da ke nuna sunan shafin da ranar da abin da aka rubuta, domin mai laifi yakan goge da ya ji motsi. Sannan a nemi ya sauke a rubuce, a kai rahoto ga kamfanin dandalin, in ya ƙi a kai koke NDPC ko a shigar da ƙara a Babbar Kotu. In hoton na tsiraici ne, sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 ko duka biyun, hukuncin mai barazanar tona asiri don a ba shi kuɗi kuma ya fi haka nauyi. Kada a biya shi ko sisi, wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. A samu babba ɗaya a gida da aka amince da shi a gaya masa, a je wurin 'yan sanda tare da lauya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ko na Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, duka suna nan cikin Sakkwato, kuma ba a biyan kuɗi kafin su saurari koke.